Shekara 120? A Tambayi Tiga

Kwanan baya a wajen zaman makoki a wani ƙauye kusa da Kura, na ji ana cewa marigayin ya cika yana da shekara 120. Aka yi ta kabbara, ba wanda ya tsaya lissafi. Katinsa na ɗan ƙasa kuwa 1 ga Janairu aka rubuta, irin na rabin mutanen garin, sai ka ce dare ɗaya ungozoma ta karɓe su duka.

Wanda ya kai 120 a yau, an haife shi ne jim kaɗan bayan Turawa sun fasa Bebeji sun shiga Kano a 1903. Da wayonsa jirgin ƙasa ya iso a 1911, da idonsa ya ga yunwar Kakalaba. Yana magidanci kasuwar hannun jari ta rushe a Amurka a 1929, farashin gyaɗa ya faɗi warwas a nan, kuɗin haraji ya gagari talaka. Shi kuwa wannan bawan Allah, ƙanensa ya ce mini yana angon fari aka kashe Sardauna. 1966 ke nan. Ko a ce yana da shekara 30 a lokacin, da ƙyar ya taɓa 90.

Tsofaffinmu ba su riƙe lamba ba, amma sun riƙe lamari. Tambayi dattijo wane sarki ya buɗe ido da shi: Abdullahi Bayero, wanda ya rasu a 1953, ko magajinsa Sanusi? 'Ya'yansa nawa da aka daina fam da sule aka koma naira a 1973?

Mutanen Kura da Bunkure ma sun fi kowa sa'a, don suna da Tiga. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, ta raba rayuwar yankin gida biyu. A da, marina da bugu aka san Kura da su, Buzaye na zuwa sayen turkuɗi, mai noman rani kuwa sai fadama da jigo. Da ruwa ya biyo kanal sai ga alkama da tumatir a Kadawa, daga baya shinkafa ta mamaye ko'ina. In tsohuwa ta ce, "Ina goyon autana ruwa ya zo," ai ta ba ka takardar haihuwa.

Wasu kan ce da watan Musulunci ake ƙirgawa. Gaskiya ne shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 11, kamar ka auna buhu guda da ƙaramin kwano, awon ya ƙaru amma hatsin bai ƙaru ba. Sai dai duk shekara 33 guda ɗaya tak ake samu. Mai 90 zai koma 93, ina aka samo sauran 27?

Jami'in rajista bai da lokacin waɗannan tambayoyi. Furfurar gemu yake dubawa, ya rubuta abin da ya zo masa, ya kira na gaba.