ƘWAYAR ƘARFI BASHI CE, JIKI NE ZAI BIYA

'Yan'uwa manoma, idan damina ta kankama a Kanya Babba da kewaye, ciyawa ba ta jiran kowa. Gero na son noman fari, gyaɗa da riɗi na son hannu, 'yan ƙwadago kuwa sun yi kaɗan. A irin wannan lokaci ne samari da yawa su ke haɗiyar ƙwayar tiramol, wai don su gama jingar kwana biyu a wuni ɗaya. Maganar nan ta shafe mu, gama a gonakinmu a ke yin aikin, 'ya'yanmu kuma su na cikin masu sha.

Girman abin

A watan Janairu na 2019 Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, su ka fito da sakamakon wani babban bincike. Sun sami mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, waɗanda su ka sha kayan maye cikin shekara guda. Miliyan 4.6 daga ciki maganin kashe ciwo irin su tiramol su ka sha ba bisa ƙa'ida ba. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce.

Tun 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 ta maganin tari mai kodin kowace rana a Kano da Jigawa. A watan Mayu na 2018 gwamnati ta hana yin wannan magani da shigo da shi. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta na kama masu fataucin ƙwaya. Amma hani da kamu ba su warkar da wanda ya riga ya kamu.

Yadda tiramol ta ke aiki

Tiramol magani ne na gaske. Likita ya kan ba mai ciwo mai tsanani, kuma wanda hukumar NAFDAC ta yarda da shi shi ne mai miligiram 50 ko 100. Wanda a ke sayarwa a ɓoye ya kan kai 200 ko 225, har 250. Likitoci ba su wuce miligiram 400 a wuni, ko ga babban mutum. Ashe wanda ya haɗiye biyu masu 225 da sassafe ya riga ya ƙetare iyaka.

Ƙwayar ba ta ƙara wa jiki ƙarfi. Ta na toshe jin gajiya da zafi ne kawai. Mai sha ba ya jin yunwa sosai, ba ya hutawa, ya na ta aiki cikin rana alhali jiki na ƙarewa. Bayan 'yan makonni guda ɗaya ba ta isarsa, sai biyu, sai uku. Ran da bai samu ba sai ciwon gaɓoɓi, da gumi, da zawo, da rashin barci. Daga nan kuɗin ƙwadagon ya koma hannun mai sayarwa.

Idan mutum ya sha ya wuce kima

Ga alamun: barci mai nauyi wanda ba a iya tashinsa, numfashi a hankali ƙwarai ko minshari mai ƙara, leɓe da farce su sauya launi, ƙwayar ido ta tsuke. Tiramol kuma ta kan jawo jijjiga kamar ta farfaɗiya. Hatsarin ya fi yawa idan an haɗa ta da giya, ko kodin, ko ƙwayar barci.

1. Kada a ce a bar shi ya yi barci abin ya sake shi. A cikin barcin nan numfashi ya kan tsaya.
2. A kwantar da shi ta gefe, don kada amai ya shaƙe shi.
3. Kada a ɗura masa madara, ko manja, ko ruwa. Kada a sa masa cokali a baki idan ya na jijjiga.
4. A kai shi asibiti nan da nan, kamar Babban Asibitin Ɓaɓura, tare da fakitin abin da ya sha. Akwai allura mai suna naloxone da ke maido da numfashi idan an yi ta da wuri.

A lura kuma: wanda ya daina na ɗan lokaci, jikinsa ya saki sabo. In ya koma ya sha yawan da ya saba a dā, zai iya mutuwa.

Mari ba magani ba ne

Iyaye da yawa, saboda ɓacin rai, su kan kai yaro inda za a ɗaure shi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda su ka fitar da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna. A watan Oktoba aka yi haka a Daura, maƙwabciyarmu. An tarar da wasu cikin sarƙa, jiki duk tabo. Ko da sunan wane addini aka ɗaure mutum, sarƙa ba ta cire sabon ƙwaya. Sabon nan ciwo ne, ya na bukatar likita da zai rage maganin sannu a hankali, da mai ba da shawara. Akwai asibitin masu taɓin hankali a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano. Zuwa can ba ya nufin ɗanka ya haukace. NDLEA kuma ta buɗe layin waya na kyauta a 2022 domin neman shawara: 0800 1020 3040.

Aikin ƙungiya

Ga abin da ke hannunmu. Mu duba yadda mu ke ba da jinga. Idan mun yanka wa yaro aikin da ba mai iya gamawa sai da ƙwaya, mu ma mun sa hannu. Mu biya ladan da ya dace, mu kai fura da ruwa gona, mu bari a huta da tsakar rana. Mu farfaɗo da gayya, don nauyi ya rabu. Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace daga zumuntar mata, su koyi matakan nan huɗu, a kuma ware ɗan kuɗin mota a asusu don kai marar lafiya asibiti. Mu haɗa kai da dagatai da limamai, gama ƙwaya ba ta tambayar addinin mai sha.

Wanda ya dawo daga jinya, kada a nuna shi da yatsa. A ba shi kujera a majami'a, a ba shi aiki a gonar ƙungiya, dattawan ikkilisiya su riƙa ziyartarsa. In ya sāke faɗuwa, a sāke ɗaga shi. Basamariyen nan na cikin misalin Ubangijinmu bai tsaya bincika laifin wanda ya tarar a hanya ba, ɗaukarsa ya yi ya biya kuɗin jinya.

A karanta wannan a taron ƙungiya mai zuwa, a tattauna kafin shuka. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye 'ya'yanmu. Amin.