Yadda ake shirya motar da za ta ɗauko matafiyi a filin jirgin Legas tun yana gida

Jirgi daga Kano zuwa Legas kan ɗauki kamar awa ɗaya da rabi, amma tafiyar kimanin kilomita 30 daga filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja zuwa Victoria Island na iya cin fiye da haka idan cunkoso ya kama gadar Third Mainland. Shi ya sa matafiya da yawa ke kama mota ta waya tun kafin su tashi, ko ta otal ɗin da za su sauka ko ta kamfanin haya.

Abu mafi muhimmanci da za a ba direba shi ne lambar jirgi, domin lokacin da ke jikin tikiti yakan canja. Da lambar, direba zai bi tafiyar jirgin a manhaja irin Flightradar24, ya san ko an yi jinkiri. Sai kuma tashar sauka: jiragen cikin gida suna amfani da MMA2 ko GAT, na ƙasashen waje kuwa ɓangarensu daban. Direban da ya tsaya a inda ba nan ba, sai ya sake zagayowa cikin cunkoso.

Kafin a biya, a tambayi abu biyu: minti nawa direba zai jira kyauta, kuma kuɗin fakin na cikin farashin ko a'a. A nemi amsar a rubuce, don kada a yi jayayya a bakin ƙofa. Google Maps na ba da damar sa lokacin tashi, ya nuna kiyasin tsawon tafiyar a wannan sa'ar.

Bayan an sauka, a duba lambar motar ta dace da wadda aka turo, kuma a bar direba ya fara faɗin sunan wanda ya zo ɗauka. Baƙon da ya riga faɗin sunansa ya sauƙaƙa wa ɗan damfara aiki. Da an shiga mota, a tura wa wani ɗan uwa wurin da ake kai tsaye ta WhatsApp, wanda ke ba da zaɓin minti 15, awa 1 ko awa 8.

A kuma ɗauki hoton bayanan motar a ajiye a waya, a riƙe fawa banki. Data na iya yankewa, caji na iya ƙarewa, direba kuwa yana can yana ƙirga mintoci.