Daga Ugwuaji zuwa Kano: Wa ke amsa tambaya idan wutar lantarki ta ɗauke?

A watan Oktoban 2024, Hausawan da ke kasuwanci a Gariki da ke Inugu sun yi ta samun waya daga gida, labarin kuma iri ɗaya ne: Kano da Kaduna da Katsina suna cikin duhu. Abin da ya jefa su cikin wannan hali ya shafi layin da ya taso daga kusa da inda 'yan kasuwar ke zaune. Babban layin da ya tashi daga Ugwuaji, a gefen Inugu, ya nufi Apir ta jihar Binuwai, shi ne ya lalace, alhali tun kafin nan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Arewa ta shafe fiye da mako guda babu wuta.

Layukan biyu na kamfanin TCN ne, wanda gwamnatin tarayya ta mallaka gaba ɗaya. Amma mai niƙa a Anacha, ko mai sayar da ƙanƙara a Fatakwal, ba shi da inda zai kai ƙarar TCN. Wanda ya sani shi ne mai kawo masa takardar kuɗin wuta: EEDC a jihohin kudu maso gabas, PHED a Ribas da maƙwabtanta.

Asalin wannan tsari shi ne cefanarwar Nuwamban 2013, lokacin da aka miƙa wa 'yan kasuwa kamfanonin rarraba wuta da suka fito daga PHCN, magajin NEPA. Gwamnati ba ta tsame hannunta ba. Ta riƙe kashi 40 cikin 100 na hannun jarinsu, ta riƙe TCN, ta kuma riƙe NBET mai sayen wuta daga tashoshi. Saboda haka idan babban layin ƙasa ya faɗi, kamar yadda ya yi fiye da sau 10 a 2024, kowa sai ya nuna ɗan'uwansa: masu rarrabawa su ce ba a turo musu ba, masu samarwa su ce suna bin bashin da ya kai naira tiriliyan 4 a 2025. Jifa ya wuce kan kowa, ya sauka a kan mai shago da ke sayen man janareto.

Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon kula da kasuwar wutarsu, Inugu kuma na cikin na farko da suka karɓa. A 2025 hukumar jihar ta rage farashin rukunin A daga naira 209 zuwa 160, sai hukumar NERC ta ce jiha ba ta da hurumin karya farashin wutar da ke fitowa daga layin ƙasa. Mai shago ya samu ƙofar da zai ƙwanƙwasa a kusa, amma makullin yana Abuja.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta shafi kamfanonin da gwamnati ke da rinjaye a cikinsu, ta kuma ba su kwana 7 su amsa. Nawa aka ware don gyaran layin Ugwuaji? Wa aka bai wa kwangilar? Yaushe za a samar wa Arewa wata hanyar ta daban? Takardun da ke ɗauke da amsoshin suna bi ta teburan ma'aikatan tarayya a kullum, kuma masu biyan kuɗin wuta a Gariki na da haƙƙin ganin su.