Allurar Gyaran Fuska: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

A manyan birane kamar Abuja da Legas akwai asibitoci da shagunan kwalliya da ke yi wa mutane allura a fuska domin kawar da tamoji, wato layukan da tsufa ke kawowa a goshi da gefen ido. 'Ya'yanmu da ƙannenmu da suka tafi birni karatu ko neman aiki suna ganin tallar wannan allura a wayoyinsu. Wasu kuma suna da 'yan'uwa a Turai da Amurka, inda abin ya daɗe da zama ruwan dare. Ana yin allurar dab da ido, ido kuwa ba shi da madadi. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana yadda take aiki, da abin da za ta iya yi wa ido, da lokacin da za a garzaya asibiti.

Allurar iri biyu ce

Mutane sukan haɗa su a suna ɗaya, amma aikinsu ya bambanta, haɗarinsu ma haka.

Ta farko tana kwantar da tsoka. An fi saninta da sunan Botox, akwai kuma Dysport da Xeomin. Ana samun maganin daga dafin wata ƙwayar cuta, wadda takan yi yawa a cikin abincin gwangwani da ya lalace. Wannan dafi yana hana jijiya isar da saƙo ga tsoka. Idan aka sa ɗan kaɗan a tsokar da ke haɗe gira, sai tsokar ta daina motsi, fatar da ke samanta ta miƙe. Aikin yana farawa bayan 'yan kwanaki, ya ɗauki wata 3 zuwa 4, sannan tsokar ta farfaɗo.

Ta biyu ita ce allurar cike fata. Ana tura wani abu mai kauri kamar kamu, ko kitsen da aka ɗebo daga jikin mutumin, a ƙarƙashin fata domin cike inda ya lotsa, ko ɗaga hanci da kumatu.

Daga ɗakin likitan ido aka fara

Likitocin ido ne suka fara amfani da allurar kwantar da tsoka. A ƙarshen shekarun 1970, wani likitan ido a Amurka mai suna Alan Scott ya yi amfani da ita wajen gyara idon masu harara-garke. A 1989 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi maganin harara-garke da ita, da kuma ciwon da ke sa fatar ido ta riƙa matsewa da kanta. A 1987 wata likitar ido a Kanada, Jean Carruthers, ta lura cewa layukan da ke tsakanin girar masu karɓar wannan magani suna ɓacewa. Daga nan aka fara tunanin kwalliya, kuma a 2002 hukumar ta amince da yin ta don layukan tsakanin gira.

Har yau magani ne mai amfani. Idan likitan ido ya rubuta wa wani wannan allura saboda ciwo, kada a ji tsoro. Matsalar tana tasowa ne idan maganin ya kai ga tsokar da ba ita aka nufa ba.

Abin da allurar kwantar da tsoka kan yi wa ido

Tsokokin da ke kewaye da ido ƙanana ne, suna kuma kusa da juna. Idan aka yi allurar ƙasa da inda ya kamata, ko aka sa magani da yawa, ko aka murza wurin, maganin zai iya malala zuwa maƙwabta.

• Faɗuwar fatar ido. Wannan aka fi sani. Tsokar da ke ɗaga fatar ido ta sama ta yi sanyi, sai ido ɗaya ya zama kamar mai jin barci. A gwajin da aka yi wa maganin, kimanin mutum 3 cikin 100 suka sami wannan bayan allurar tsakanin gira. Yakan bayyana cikin kwana 2 zuwa 10, ya wuce bayan 'yan makonni. Likita zai iya ba da maganin ɗigawa wanda ke ɗaga fatar kaɗan kafin lokacin.

• Saukowar gira. Idan tsokar goshi ta kwanta fiye da kima, girar takan sauko ta danne ido, mutum ya riƙa jin nauyi a fuska.

• Ganin abu biyu-biyu. Kowane ido yana da tsoka 6 da ke juya shi. Idan ɗaya ta yi sanyi, idanun ba za su dubi wuri ɗaya ba. Mai wannan matsala kada ya tuƙa mota ko babur har sai ya warke.

• Bushewar ido. Duk lokacin da muka ƙifta ido, muna shafa masa hawaye ne. Idan tsokar da ke rufe ido ta yi rauni, ƙiftawa takan ragu, wani ma idonsa ba ya rufuwa sosai ko yana barci. Sai ido ya yi ja, ya riƙa zafi kamar an zuba yashi. Idan aka bar shi haka, musamman lokacin hunturu da ƙura, gaban baƙin ido zai iya yin miki, mikin kuma ya bar hakiya.

Yawancin waɗannan suna wucewa idan ƙarfin maganin ya ƙare. Babu allurar da ke janye shi bayan ya kama tsoka, sai jira da kula da idon. Amma hakiya idan ta zauna, ta zauna, don haka bushewar ido ba abin rainawa ba ne.

Idan dafin ya bazu a jiki

Wani lokaci dafin yakan wuce fuska ya shiga sauran jiki, bayan 'yan sa'o'i ko 'yan makonni. A 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a rubuta babban gargaɗi kan haka a takardar maganin. Sau da yawa a ido ake fara ganin alama: fatar idanu biyu ta faɗi, gani ya yi dishi-dishi. Daga nan sai murya ta canja, haɗiya ta gagara, numfashi ya yi wuya.

An fi samun haka da jabun magani. A 2024 an kwantar da mutane a asibiti a jihohi da dama na Amurka bayan an yi musu allura da jabu, ko a hannun waɗanda ba su da izini, a gidaje da wuraren kwalliya. A 2025 fiye da mutum 30 a Ingila suka kamu ta wannan hanya. Idan haka ta faru a ƙasashen da ke sa ido sosai kan magunguna, to mu da muka san yadda jabu ke yawo a kasuwanninmu sai mu ƙara hankali. Akwai maganin da ke tsayar da dafin, amma ba ya gyara tsokar da ta riga ta shanye, shi ya sa saurin zuwa asibiti ke da muhimmanci.

Allurar cike fata da makanta

Ba kasafai wannan ke faruwa ba, amma shi ne mafi muni. Hanyoyin jini na goshi da hanci suna haɗe da babbar hanyar da ke ciyar da ido. Idan bakin allura ya faɗa cikin ɗaya daga cikinsu, abin da aka tura zai iya bin hanyar ya toshe jinin da ke zuwa bayan ido, wurin da ke karɓar haske. Gani yakan ɗauke nan take, sau da yawa tare da zafi mai tsanani da ciwon kai, fatar wurin kuma ta yi fari ko ta canja launi. Bayan ido ba ya jure rashin jini, cikin ɗan lokaci kaɗan yake mutuwa.

A 2015 wasu likitoci sun tattara rahotannin da aka buga a duniya, suka sami mutum 98 da ganinsu ya taɓu ta wannan hanya. Tsakanin gira da hanci ne wuraren da abin ya fi faruwa, kuma yawancinsu ganinsu bai dawo ba.

Wace alama ke jira, wace ba ta jira?

A ga likita cikin kwana ɗaya ko biyu idan fatar ido ɗaya ta faɗi, ko gira ta sauko, ko ido yana bushewa.

A tafi babban asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan:

• gani ya ɗauke ko ya ragu farat ɗaya
• ido yana zafi mai tsanani lokacin allurar ko bayanta
• ana ganin abu biyu-biyu, ko fatar idanu biyu ta faɗi
• magana, haɗiya ko numfashi sun yi wuya

A tafi da kwalbar maganin ko sunansa idan an samu. A gaya wa likita gaskiya cewa an yi allurar fuska, da ranar da aka yi. Kunya kan sa wasu su ɓoye, sai likita ya ɓata lokaci yana neman wani ciwo dabam. Kada a ɗiga nono, ruwan sukari, ruwan ganye ko tozali a idon. Asibitoci irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da Asibitin Ido na ECWA da ke Kano suna da ƙwararrun likitocin ido.

Ga wanda ya yanke shawarar yi

• Likita mai rajista, wanda ya san tsarin tsoka da hanyoyin jinin fuska, shi kaɗai ya kamata ya yi ta, kuma a asibiti. Shagon kitso, ɗakin otal ko gidan ƙawa ba wurin allura ba ne.
• A nemi ganin kwalbar kafin a buɗe ta, da lambar NAFDAC, da ranar da maganin zai daina aiki. Kada a sayi maganin ta intanet. Araha ba ta ado.
• A tambayi wace irin allura ce cikin biyun, da abin da za a yi idan matsala ta taso.
• Mai ciki da mai shayarwa su haƙura. Haka kuma mai ciwon raunin tsoka, da wanda fatar idonsa ta riga ta faɗi, da mai ƙurji a wurin.
• A gaya wa likita duk maganin da ake sha. Allurar jentamaisin, wadda ake yawan yi a ƙauyukanmu, tana iya ƙara wa dafin ƙarfi.
• Kada a murza wurin bayan an yi.

Tambayoyi don tattaunawa

Za a iya amfani da waɗannan a taron zumuntar mata ko na matasa.

1. Su wane ne ke yi wa mutane allura a garinmu? Ta yaya za mu san wanda aka horar?
2. Me ke sa matasanmu jin cewa dole su canja kamannin fuskarsu? Wace magana muke yi a gida da ke ƙara musu wannan tunani?
3. Ina ne asibitin ido mafi kusa da mu? Idan wani ya rasa gani cikin dare, wa zai kai shi, kuma da wane kuɗi?
4. Idan 'yarmu ta dawo daga birni da matsala irin wannan, yaya za mu karɓe ta har ta iya faɗin gaskiya ba tare da tsoro ba?