Fararen ƙwayoyin jini: abin da ake faɗa a Jos da abin da ya tabbata

Fararen ƙwayoyin jini su ne ɓangaren jini da ke kare jiki daga cuta, shi ya sa ma'aikatan asibiti da majinyata suke kiransu sojojin jiki. A ɓargon ƙashi ake yin su, inda ake yin jajayen ƙwayoyi, amma ba su kama ƙafar jajayen a yawa ba. A mikrolita ɗaya na jinin baligi mai lafiya, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita, akan samu farare 4,000 zuwa 11,000, jajaye kuwa miliyan huɗu zuwa shida. Adadin fararen shi ne ake rubutawa a gaban haruffan WBC a takardar gwajin jini, kuma a kansa ne yawancin ji-ta-ji-tar take yawo.

Iri biyar ne, tun bayan da Bajamushe Paul Ehrlich ya rarrabe su da rini a ƙarshen shekarun 1870. Mafi yawa shi ne niyutrofil, wanda yakan kai rabi ko fiye. Shi ne ke fara isa wurin rauni, ya haɗiye ƙwayoyin bakteriya, ya mutu a wurin. Mugunyar da ke fita idan maruru ya fashe, galibinta gawarwakinsa ne. Na biyu limfosait, mai rassa: reshen B yana ƙera sinadaran da ke maƙale wa ƙwayar cuta, reshen T yana tsara yaƙin ko ya kashe ƙwayar jikin da bairos ya shige, kuma a cikinsu ne ake samun masu riƙe kamannin cuta shekara da shekaru. Monosait yakan bar jini ya zauna cikin tsoka da gaɓoɓi yana share datti. Iyosinofil da tsutsotsi yake faɗa, yakan kuma ƙaru ga masu asma. Basofil bai cika kaiwa kashi ɗaya cikin ɗari ba, yana da hannu a ƙaiƙayi da kumburin borin jini.

Maganar farko da ake yawan ji ita ce, duk wanda adadinsa ya yi sama to garkuwarsa ta fi ƙarfi. Wasu kuma suna cewa da zarar ya wuce 11,000 sankarar jini ce. Duka biyun ba daidai ba ne. Adadin yakan hau saboda ciwon bakteriya, ko ƙuna, ko rauni, ko juna biyu, ko shan taba, har ma da gudu mai tsanani. Masu sikila da yawa adadinsu a sama yake ko da suna zaune lafiya. Gaskiya ne sankarar jini takan sa ya yi tashin gwauron zabo, amma ba da lamba kaɗai ake gane ta ba; sai an shimfiɗa jinin a gilashi an duba siffar ƙwayoyin, wani lokaci har a ɗebo ɓargo. Kuma ƙwayoyin sankara, duk yawansu, ba sa kare komai.

Abin da likita ke nema shi ne wane iri ne ya hau. Idan niyutrofil ne, hankali yakan koma ga bakteriya. Idan iyosinofil ne, a ƙasa irin Filato, sai a fara tunanin tsutsar ciki da tsargiya da danginsu. Cibiyar Carter, wadda babban ofishinta na Najeriya yake Jos, ta shafe shekaru tana aiki da gwamnati kan irin waɗannan cututtuka, har a 2017 aka bayyana cewa an shawo kan yaɗuwar tundurmi a jihohin Filato da Nasarawa. Wanda ya ga lamba ta hau ya ruga kemis ya sayi kafso don “wanke jini”, mai yiwuwa maganin tsutsa yake bukata, ko kuma ba ya bukatar komai.

Magana ta biyu ta fi ɓarna, domin tana raba aure tana zubar da mutunci: wai ƙarancin fararen ƙwayoyi alamar ƙanjamau ce. Abin da ke gaskiya a ciki shi ne, ƙwayar HIV tana cin wani reshe na limfosait mai suna CD4. Mai lafiya yakan samu 500 zuwa 1,500, kuma idan ya sauka ƙasa da 200 cutar ta yi nisa. Amma CD4 gwaji ne daban, kuma ko shi ba ya nuna mutum na ɗauke da ƙwayar. Gwajin HIV kaɗai ke nuna haka. Mai ɗauke da ita zai iya samun WBC daidai, wanda ba shi da ita kuma ya samu ƙasa. Ya kuma tabbata cewa CD4 yana farfaɗowa idan aka riƙe magani ba fashi. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos yana cikin manyan cibiyoyin wannan magani a ƙasar tun da shirin PEPFAR na Amurka ya fara a 2004, kuma tun 2016 tsarin Najeriya shi ne a fara magani da zarar an tabbatar da cutar, ba a jiran CD4 ya faɗi.

Akwai wani dalilin ƙarancin fararen ƙwayoyi da ba kowa ya sani ba. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyinsu. Gado ne, kuma yana ba da kariya daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro mai suna vivax. Masu wannan gado niyutrofil ɗinsu da ke yawo a jini yakan yi ƙasa da na Turawa, ba tare da sun fi kowa kamuwa da cuta ba. Tun da ma'aunin da ke kan takardun gwaji da yawa daga jinin Turawa aka samo shi, lafiyayyen ɗan Naraguta ko Bukuru zai iya ganin an ja layi a ƙarƙashin lambarsa alhali babu abin da ke damunsa.

Sai dai kada a juya maganar a ce idan lamba ba ta hau ba to babu ciwo. Taifod da zazzaɓin cizon sauro sau da yawa adadin a daidai ko a ƙasa suke barinsa. Haka zazzaɓin Lassa, wanda Jos ta san shi tun farko: a 1969 aka kawo ma'aikaciyar jinya Laura Wine daga garin Lassa zuwa asibitin mishan na Jos ta rasu, a 1970 kuma cutar ta kashe likita Jeanette Troup ta asibitin da ake kira Jankwano. Zazzaɓi mai zafi da ya ƙi jin magani, musamman da rani, dalili ne na komawa asibiti ko me takarda ta nuna.

Batun abinci kuwa rabi da rabi ne. Gaskiya ne tamowa tana karya garkuwar yara. Amma lemon malt da madara, ko ruwan ganyen ugu, ko zoɓo, babu wanda aka tabbatar yana ƙara fararen ƙwayoyi ga mai cin abinci isasshe. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe jajaye yake taimaka wa, shi ma sai idan ƙarfen ne ya yi ƙaranci. Abin da ya fi cancanta a ji tsoro shi ne magungunan da ake sha ba da izinin likita ba. Dexamethasone, wanda ke cikin ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, yana sa lambar niyutrofil ta hau a takarda, a daidai lokacin da yake kassara garkuwar. Chloramphenicol, tsohon maganin taifod, yakan lalata ɓargo ga wasu ƙalilan har ya daina yin ƙwayoyi.

Ba da gudummawar jini ba ya kwashe wa mutum garkuwa. Kusan mililita 450 ake ɗiba, kuma yawancin fararen ƙwayoyin ma ba a magudanar jini suke ba, suna cikin ɓargo da saifa da kaluluwa, wadda ke kumbura a wuya ko hammata idan limfosait suna aiki. Jiki yakan mayar da abin da aka ɗiba nan da nan. Jajayen ne ke ɗaukar makonni.

Rigakafi ma ba ya raunana fararen ƙwayoyi, kamar yadda wasu iyaye ke tsoro. Yana nuna wa limfosait kamannin cuta ne tun ba ta zo ba. Ƙyanda ita ce ke yin abin da ake zargin allurar da shi: bincike ya nuna tana hallaka ƙwayoyin da ke riƙe da kamannin cututtukan da yaro ya riga ya warke daga gare su, ta bar shi cikin haɗarin wasu ciwuka watanni ko shekaru bayan ƙurajen sun baje.