Kwamfuta ga kowane ɗalibi a Arewacin Kamaru

A shekarar 2016 gwamnatin Kamaru ta sanar da shirin raba wa ɗaliban manyan makarantu kwamfutocin tafi-da-gidanka guda 500,000, kowa da tasa. A ƙasar Sin aka ƙera su, aka buga musu tambarin PB HEV mai ɗauke da harufan farko na sunan Shugaba Paul Biya. Shirin ya ci kusan sefa biliyan 75, kuma bashi ne daga bankin Exim na Sin. An fara rabo a Yawunde a watan Disambar 2017, daga baya ya iso jami'o'in Ngaundare da Marwa. Ita jami'ar Garwa sai a 2022 aka kafa ta.

Ga ɗan talakan da ya saba biyan kuɗi a shago kafin a buga masa aikin makaranta, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Inda ɗakin karatu ba shi da isassun littattafai, kwamfuta ɗaya na iya ɗaukar darussan shekara guda. Sai dai na'urorin ƙanana ne, ma'ajiyarsu ba ta da yawa, har wasu ɗalibai suka kai nasu kasuwa.

Babbar matsalar Arewa ita ce wuta. Garwa da Marwa da Ngaundare sun daɗe suna dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai. Idan ruwa ya ja baya da rani sai a koma rabon wuta unguwa-unguwa, daidai lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. An kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar don rage wannan giɓi, amma ƙauyuka da dama har yau babu layin lantarki. Kuɗin sayen data kuma daga aljihun ɗalibi yake fitowa.

Akwai kuma batun malami, wanda aka fi mantawa da shi. Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare kwamfutoci masu ɗimbin yawa, amma binciken da aka fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, lissafi da karatunsu kuwa ba su ƙaru ba. Shi ya sa duk mai neman kai irin wannan shiri firamare da sakandaren Garwa, inda aji ke cika maƙil wasu yaran ma ba su da benci, ya kamata ya fara kashe kuɗin a kan horar da malamai, wutar caji da mai gyara a kusa.