Baki Na Motsi, Murya Ba Ta Fita

A ƙungiyoyinmu na manoma yanzu mukan ɗauki bidiyo da waya sa'ad da malamin gona yake nuna yadda ake gauraya maganin feshi, mu tura wa waɗanda ba su zo ba. Amma sau da yawa muryar takan fito ƙasa-ƙasa. Wanda bai ji awon sosai ba zai auna da ka, ya ƙone wakensa.

In don kallo ne kawai, manhajar VLC tana iya ninka ƙarfin murya idan an kunna wannan a saitinta. In kuwa turawa za mu yi, sai mu sa bidiyon cikin CapCut, mu ɗaga murya, mu ajiye sabon kwafi. Mu riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan muna saurare, gama hucin iska da ƙarar injin niƙa su ma tare suke tashi. In aka zarce kuma, murya takan fashe.

Rigakafi dai ya fi magani. A fili, in nisa ya ninka, ƙarfin sauti yakan koma kashi 1 cikin 4. Saboda haka mai ɗauka ya matso kusa, ya ba iska baya, malami kuma ya faɗi awon sau 2.